Kaset na Tamanin da Takwas

Karaye, Litinin, 30 ga Yuni, 2025

Zuwa ga Kawu Abdulhadi, Falgore.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Maijidda da ɗaliban makaranta. Ya damina, ya aikin gona? Jikin Inna da sauƙi, sai dai hannun dama da ƙafar ba su dawo ba. Tana shan koko cokali goma sha biyu zuwa sha biyar da safe. Magana tana fita amma a hankali. Ba mai juya ta sai ni, shi ya sa ban sake leƙo ku ba tun watan Mayu. Tun da iska ta kayar da ƙarfen sabis na wajenku na daina wahalar da waya. Sulle direba ya yarda ya riƙa ɗaukar mana takarda duk Talata in zai shiga Rogo.

Zan rubuta komai daga farko, har da abin da ka sani, don ya zama a rubuce.

Kaset-kaset na tafsirin mahaifinka, marigayi Malam Barau, guda ɗari da talatin da bakwai ne. Laftof ɗin da na kafa maka a zaure tana ɗaukar muryar daga rikoda ta ajiye. Tana da faifai biyu. Na ciki ƙarami ne, giga sittin da huɗu, kuma na bar shi da sarari giga arba'in da biyu. Na waje shi ne baƙin akwatin nan mai igiya, shi ne rumbun karatun.

Ka tambaye ni me ya sa ba ka ganin C da D kamar a kwamfutar ofishin ƙaramar hukuma. Tsarin da na sa mata Linux ne, shi kuma ba ya raba faifai da haruffa. Komai daga tushe ɗaya yake fitowa, folda cikin folda. In an kawo faifan waje, sai a zaɓi wata folda da ba komai a cikinta a ɗora shi a kanta. Daga nan duk wanda ya buɗe foldar, cikin faifan yake gani.

Akwai al'adar inda ake ɗorawa. /media na abin da ake sawa ana cirewa ne, kamar memori, na'ura ce ke buɗe wurin da kanta ta kuma rufe in an cire. /mnt an ware shi don ɗorawar ɗan lokaci da mai kula da na'ura ke yi da hannunsa. /srv na kayan da na'ura ke raba wa wasu ne. Masana sun fi shekara ashirin suna gardama a kan inda ya dace da faifai irin namu, wanda zai daɗe amma na waje ne. Na kwana biyu ina karanta gardamar, ban ga wanda ya yi nasara ba. Na zaɓi /mnt/malam don sunan gajere ne kuma ba ya canjawa. Na kuma saita ta yadda ko faifan bai amsa ba, na'urar za ta tashi, kada ta tsaya maka da baƙin rubutu kana nesa da ni.

Saura roƙo ɗaya. Kaset na 88, wanda Malam ya rubuta wa "Mahmudu Kwanyawa, sha bakwai ga azumi" da ajami. Inna ta ce ranar ce kaɗai Baba ya ja baƙi aka ɗauka, saboda mai ja na kullum ba shi da lafiya. Ina da shekara biyu ya rasu, ban san muryarsa ba. Kusan kullum Inna tana tambaya ko an kai kansa. Zaren ya yi laushi, na ga haka da idona. A sa shi sau ɗaya kawai, kada a mayar baya don gwaji.

'Yarka,
Hamdiyya

*

Falgore, Talata, ƙarshen Muharram

Zuwa ga 'yata Hamdiyya.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo tuni, aiki ne ya hana ni amsa. Muna lafiya, sai ciwon baya da maimai ya tayar min. Ruwa ya yi yawa bana, gyaɗar fadama ta sha fiye da ƙima, rufin zaure kuma yana yoyo ta wuri biyu. Ki gaishe min da mahaifiyarki Tani, ki ce ɗan uwanta yana mata addu'a bayan kowace salla. Allah ya ba ki ladan jinya.

Bayaninki na wurare uku na karanta sau biyu. Na gane dai masu ilmin boko ma suna da mazhabobi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Lokacin da takardarki ta zo ina kan na hamsin da 'yan kai. Na dage, biyu kullum muddin sola ta samu rana, har na kai na casa'in da ɗaya. Na tamanin da takwas na sa shi sau ɗaya kamar yadda kika ce. Ya yi karatunsa gaba da baya lafiya, na zauna na ji shi duka. Da zan fitar da shi rikoda ta riƙe zaren, ya tsinke ya cukurkuɗe, wani sashe ya murmushe a hannuna kamar busasshen ganye. Ban damu sosai ba tunda na'ura ta riga ta ɗauka. Na naɗe gutsattsarin a takarda na sa a kafar bangon zaure, inda muke cusa duk takardar da aka tsinta a ƙasa ba a tabbatar da abin da ke cikinta ba.

Shekaranjiya na buɗe wurin naki, foldar malam ɗin nan, don in kwafar wa Tani nata. Daga ɗaya zuwa hamsin suna nan. Daga hamsin da ɗaya zuwa casa'in da ɗaya babu. Guda arba'in da ɗaya, Hamdiyya. Na kashe na kunna sau huɗu. Na gwada ɗaukar na casa'in da biyu, ya zauna daidai kusa da na hamsin, kamar ba a taɓa yin komai a tsakaninsu ba. Kuma wani rubutun Turanci yana ta fitowa a gefe, ban san me yake so ba.

Sauran arba'in ɗin ana iya maimaitawa, ko da yake bayana ba zai gode min ba, kuma bakwai daga ciki ban yi musu zaton za su sake jure rikoda ba. Na Mahmudu kuwa ba abin da za a maimaita.

Mutanen gida sun ce tun farko a kai wa masu shago a Kano. Ni na ce muna da injiniya a dangi. Ba gori nake miki ba, ina gaya miki inda nake tsaye ne. Ban faɗa wa kowa ba tukuna sai Maijidda.

Kawunki,
Abdulhadi

*

Karaye, Litinin, 28 ga Yuli, 2025

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiya, Allah ya ba ka lafiyar baya. Inna tana nan yadda take, ranar Asabar ta ɗaga yatsa biyu na hannun dama. Ban gaya mata komai ba. Da ta tambaya na ce ana kan aiki, wanda gaskiya ne.

Na karanta takardarka sau da yawa. Ba zan ce na san abin da ya faru ba, don ban sani ba, kuma ba na son in ba ka fata a kan zato. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne wannan: tunda hamsin na farko suna nan, na casa'in da biyu kuma ya shiga, faifan waje lafiyarsa ƙalau. In akwai matsala, a cikin na'urar kanta take, a yadda na tsara ta. Wato mai yiwuwa kuskuren nawa ne, ba naka ba.

Ina roƙon amsar tambaya uku.

Na farko, rubutun da ke fitowa a gefe, a kwafo min shi harafi da harafi, musamman in akwai lamba.

Na biyu, tsakanin na hamsin da na casa'in da ɗaya, an taɓa cire igiyar baƙin akwatin, ko da na minti ɗaya ne?

Na uku, a kwanakin da kake ɗauka, kana ganin sababbin a cikin foldar bayan ka gama kowanne? Tsofaffin hamsin fa, kana ganinsu a lokacin?

Ka yi haƙuri da yawan tambaya. A makaranta aikin ƙarshe da na yi na samu maki mai kyau, amma ba wanda muryar mahaifinsa ke cikin aikin.

'Yarka,
Hamdiyya

*

Falgore, Talata, cikin Safar

Hamdiyya,

Salam. Muna lafiya. Na ji daɗin labarin yatsun Tani, Allah ya ƙara sauƙi.

Amsar tambayoyinki. Igiya an cire. Da yoyo ya fara, Maijidda ta ga ruwa na ɗiga daidai kan baƙin akwatin, ta zare shi ta naɗe a zani ta sa cikin adaka. Ta ce ta gaya min ina alwala. Wataƙila ta gaya min. Ya yi kamar sati uku a can. Na'urarki ba ta ce uffan ba, tana tashi tana ɗauka kamar kullum, sai na ɗauka akwatin na ado ne. Da aka gyara rufi na mayar da shi na kunna. Tambaya ta uku kuwa, sababbin ina ganinsu. Tsofaffin ban duba ba, mai noma ba ya komawa ƙirga kunyar da ya wuce.

Kada ki sa wa Maijidda laifi, kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba.

Kin rubuta cewa akwatin lafiyarsa ƙalau, cutar a cikin na'ura take, kuma kuskurenki ne. Na gane. Mutum ba ya cewa abu ya tafi kai tsaye, sai ya zagaya, kuma kin zagaya da ladabi. Na haƙura da na Mahmudu. Abin da ya rage shi ne in ƙarasa sauran kafin su ma su murmushe.

Ranar Asabar na kai na'urar Rogo wajen Lukumanu mai gyara. Ya karanta rubutun, ya ce cewa take cikinta ya cika, saura giga uku. Ya ce shara ce ta taru, kuma wannan tsarin naki ba na mutane ba ne, na 'yan jami'a ne. Zai goge cikinta kaf ya sa Windows, in riƙa ganin C da D kamar kowa. Akwatin na riƙe shi a gida tunda kin ce shi ba shi da laifi. Yana da aiki a gabansa, ya ce in koma ranar Juma'a bayan masallaci a yi a gabana.

Tani kuwa, ke za ki san yadda za ki gaya mata. In kin fi so ni in rubuta mata, zan rubuta.

Abdulhadi

*

Karaye, Laraba, 6 ga Agusta, 2025

Kawu,

Assalamu alaikum, ina fatan kuna lafiya. Ka gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce. Kada a goge na'urar. Kada Lukumanu ya taɓa ta. Karatun yana cikinta.

Ban ce sun tafi ba, Kawu. Na ce ban sani ba. Yanzu na sani, kuma ga lissafin. Na bar faifan ciki da sarari giga arba'in da biyu. Yanzu saura uku. Wato wani abu ya ci talatin da tara. Kowane kaset yana cin giga ɗaya ba kaɗan. Arba'in da ɗaya sun kama talatin da tara. Sharar da Lukumanu ya gani ita ce tafsirin Malam.

Ga yadda aka yi. /mnt/malam folda ce ta faifan ciki. In akwatin yana haɗe, yana rufe ta, kamar ka shimfiɗa buzu a ƙasa. Da Gwaggo ta ɗauke akwatin, buzun ya tashi, ka ci gaba da ajiye karatu a wuri ɗaya amma a kan ƙasa. Da ka mayar da akwatin, buzun ya sauka a kansu. Suna ƙarƙashi. Ba a ganinsu ne kawai.

Abin da za a yi:

Ka karɓo na'urar. A kashe ta. Kada a haɗa akwatin. A kunna ta haka nan, a buɗe /mnt/malam. Za ka ga 51 zuwa 91, ba za ka ga sauran ba, kada hakan ya tsorata ka. Ka ja su duka zuwa foldar gida, mai hoton ɗaki. Wannan ba ya buƙatar sarari, tunda faifai ɗaya ne. Sannan a kashe, a haɗa akwatin, a kunna, a kwafe su daga foldar gida zuwa /mnt/malam.

Gwaggo ba ta yi laifi ba, ta ceci akwatin daga ruwa ne. Da na bar shi a /media, da foldar ta ɓace lokacin da aka zare shi, na'ura ta ƙi ɗauka tun ranar farko, ka san akwai matsala. Ni na kafa masa wuri na dindindin, ni na ce ta tashi ko ba shi, kuma ni na buɗe wa foldar izinin rubutu ranar da nake gwaji na manta ban rufe ba. Abu uku, duk don in sauƙaƙa maka.

Ba ka rubuto lambar Lukumanu ba. Na tambayi mutum uku a tasha, lambar da aka ba ni ta wani Lukumanu ce mai sayar da maganin feshi. Sulle yana da lodin taki zuwa Rogo gobe Alhamis, ya yi min alkawari zai kawo maka wannan hannu da hannu kafin la'asar.

Hamdiyya

*

Karaye, Alhamis, 14 ga Agusta, 2025

Zuwa ga Kawu Abdulhadi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggo. Inna ta yi zazzaɓi kwana biyu, ya sauka. Ni ma lafiya, gajiya ce kawai.

Za ka ga takarda biyu a ambulan ɗin nan. Ta ranar shida ga wata ba ta taɓa isowa gare ka ba. Motar Sulle ta lalace a wajen Turawa ranar Alhamis ɗin, ya bar ta gun makaniki ya tafi neman kayan gyara Kano, takardar tana cikin aljihun gaban mota. Na jira amsa ranar Talata, ba Sulle ba labarinsa. Jiya na same shi a tasha. Ya dafe kai ya ce, "Wallahi 'yar Tani, na ɗauka gaisuwa ce irin ta kullum." Ban yi masa faɗa ba. Ban ce masa ta fi gaisuwa ba, na ce dai ya kai kafin la'asar.

Juma'ar ta wuce da kwana shida. Na san abin da hakan ke nufi. In an goge an kuma zuba sabon tsari a kai, akwai masu ƙoƙarin tono abin da ya saura, amma a irin faifan da ke cikin laftof ɗin nan da wuya a samu komai, ba zan yaudare ka ba. Duk da haka, in an riga an yi, a kashe ta a ajiye, kada a ɗauki ko kaset ɗaya da ita.

Waccan Larabar, shida ga wata, na tsaya a ƙofar gida da mayafina ina tunanin hawa babur in zo da kaina. Maƙwabciyarmu ta ce za ta zauna da Inna, amma ba ta iya ɗaga ta ba, kuma Inna ba ta yarda wani ya kai ta bayan gida. Na koma ciki na ba Sulle takarda. Na auna na ga ya isa. Awona ya yi kuskure sau biyu ke nan a aikin nan.

Na gaya wa Inna jiya da rana, bayan ta ci abinci. Na faɗa mata yadda yake: an ɗauka, yana cikin na'ura, saƙona bai isa ba, mai yiwuwa an goge. Ta ce, "Abdulhadi ya ji shi?" Na ce ka ji shi duka. Ta ce, "To, wani ya ji." Ta juya fuska bango, na gyara mata matashi.

Wannan karon Hamma ƙanin Sulle ne zai kawo a babur, gobe da safe. Zan tsaya a kansa har ya sa ta a aljihun rigarsa.

Ba sai ka amsa da sauri ba. In ka ga ya fi a kai sauran kaset ɗin Kano, ba zan ji haushi ba.

'Yarka,
Hamdiyya

*

Falgore, Litinin, ƙarshen Safar

Zuwa ga 'yata Hamdiyya, injiniya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya. Dawa ta yi kyau, gyaɗa dai sai abin da Allah ya bari. Sannu da jinya, sannu da zaman jira. Hamma ya kawo takardunki biyu ranar Juma'a da hantsi. Na karanta ta biyun kafin ta farko, sai da na zauna.

Bari in ba ki labarin waccan Juma'ar. Na je shagon Lukumanu bayan an sauko, da niyyar a goge. Ya kunna, ya sa abinsa, aka zo wurin da za a danna. Ya ce, "Malam, in danna?" Na ce sharar nan da za a kwashe, ta mece ce? Ya ce shara dai. Na ce ka buɗe ka gani? Ya ce bai gan ta ba, ya nema bai samu inda take ba, nauyinta kawai na'ura ke nunawa. Na ce to yaya aka yi ka san shara ce? Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai da kwamfuta sai ka ce ana tuhumar ɓarawo. Mutum biyar na jira."

Kin san gidanmu. Tun muna yara, in aka tsinci takarda a ƙasa, Malam ba ya bari a share ta cikin juji sai wani ya buɗe ya karanta. In ta jiƙe ba ta karantuwa, a cusa ta a bango. Ya taɓa sa ni kwashe juji guda da hannu saboda rabin shafi, aka duba aka ga takardar awon hatsi ce. Na'urar da ta yi wata uku tana sauraron Alƙur'ani, a ce akwai abu a cikinta da ba wanda ya karanta, in ce a share? Bakina ya ƙi. Na ce ya cire abinsa. Ya ce to haka za ta zauna a cike ba amfani. Na ce ta zauna. Na ɗauro ta a bayan babur, na sa ta cikin adakar Maijidda, inda akwatin ya yi zamansa.

Kada ki ɗauka don na yarda da ke ne. A ranar haushinki nake ji, har na fara tambayar shagon Kano.

Shekaranjiya da rana ta fito na bi takardarki layi layi, Maijidda na riƙe da ita tana karanta min, tana cewa "ba a haɗa ba tukuna, Malam, cire hannunka." Na kunna ba akwati. Na buɗe. Suna nan, hamsin da ɗaya zuwa casa'in da ɗaya. Na ƙirga sau uku. Maijidda ta fita tsakar gida, na ji tana fyace hanci tana zagin kaji.

Na ja su foldar gida, na haɗa, na kwafe. Yanzu ɗaya zuwa casa'in da biyu suna jere. Na sa memori a gefe, ya fito da kansa a media ɗin da kika ambata, na zuba na tamanin da takwas. Ba zan ba Sulle ba. Maijidda za ta zo duba Tani ranar Laraba, ta ƙulle shi a bakin zaninta.

Na karanta maganarki ba yadda kika rubuta ta ba, wannan laifin nawa ne. Ke kuma nan gaba in abu yana da rai, ki fara da cewa kada a taɓa, sannan ki yi lissafi. Saura kaset arba'in da biyar. Ba inda za su je.

Kawunki,
Abdulhadi

*

Karaye, Alhamis, 21 ga Agusta, 2025

Kawu,

Assalamu alaikum. Gwaggo ta iso lafiya jiya da azahar, da ƙullin kuka da memori. Za ta kwana uku, ta ce in huta. Na yi barcin rana karo na farko tun watan Mayu. Na gode, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan Malam.

Abu biyu na aiki. Kada ka goge na foldar gida tukuna, ko da rubutun gefe zai dame ka, sai an samu faifai na biyu an yi kwafi. Kuma kafin ka ɗauki kowane kaset, ka duba ka ga na ɗaya yana cikin foldar. In yana nan, akwatin na haɗe. In na zo zan kulle foldar ƙasan yadda ba abin da zai shiga in ba akwati. Sunan wurin zan bar shi yadda yake. Na gaji da gardamar.

Mun sa shi a ƙaramar rediyon Inna bayan la'asar. Minti tamanin da tara ne da daƙiƙa goma sha biyu. Akwai shuu a farko, sai tarin Malam, sai isti'aza. Muryar siririya ce, na ɗauka za ta fi haka kauri. Inna ta rufe ido, yatsun nan biyu suna motsi a kan zani. A minti na shida Malam ya katse shi ya ce, "Mahmudu, ba kora ake ba, a hankali." Mutane suka yi dariya a cikin kaset ɗin. Inna ma ta yi, da rabin bakinta. Ta ce, "Kullum sai an gaya masa."

A minti na talatin da ɗaya akwai kukan yaro daga nesa. Na tambaye ta ko ni ce. Ta ce a'a, wai ni ba na kuka, tun ina goye shiru nake ina kallon mutane kamar ina jiran su yi kuskure. Gwaggo ta ce har yanzu.

Sau uku Malam ya ce masa a hankali, na rubuta mintocin. Ranar da na kare aikina na ƙarshe a jami'a, malamin da ke jagoranta ya tsayar da ni sau biyu ya ce in rage sauri, ba wanda ke bina. Na ɗauka tsoro ne. Ban san inda na samo shi ba sai jiya.

Inna ta ce a sake sa mata, bari in je.

'Yarka,
Hamdiyya Mahmudu